Risibar da na saya saboda jan maɓalli

Wata huɗu ke nan da sayen wannan risibar, kuma har yau in na ɗauki rimot idona ya faɗa kan jan maɓallin nan sai raina ya sosu. Ba hoto ne ya sa na saye ta ba. Tsohuwar risibata tana kama tashoshin kyauta garau, shekara da shekaru ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba. Abin da ya ja ni haruffa biyar ne da aka buga a gefen kwali: HbbTV, wato tsarin da ake buɗewa da maɓalli mai launin ja a jikin rimot. Mai sayarwa ya ce da ita mutum zai iya mayar da shiri farko, ya kalli abin da ya wuce shi jiya ko shekaranjiya, ya karanta labarai a allo, duk ba tare da kuɗin wata ba. Ina jin haka mahaifina ya faɗo mini a rai.

Baba ya manyanta, fita ta yi masa wuya, kuma babu abin da ke ɗebe masa kewa kamar shirin namun daji. Akwai wani da wata tashar ƙasar waje take sakawa duk mako, kashi shida, a kan wani garken giwaye. Ba ya jin harshen, bai kuma dame shi ba. Ya san giwayen ɗaya bayan ɗaya, har akwai wata tsohuwa mai karyayyen haure da yake kira Uwar Garke. Matsalarsa ita ce barci yakan ɗauke shi a kujera, ya farka an gama. Na ce to, ga magani ya samu.

Ranar farko na haɗa kebul ɗin dish, ta nemo tashoshi ɗaruruwa cikin 'yan mintoci. Na danna jan maɓalli, shiru. Na sauya tasha, na sake dannawa, shiru. Kwana uku ina wannan fama, har na sauya batirin rimot. Ɗan littafin da ke cikin kwalin bai ce uffan a kan HbbTV ba, in ban da sunan a jerin abubuwan da take yi. Daga ƙarshe na kira mai ɗaura mana dish, ya zo ya leƙa bayan risibar, ya ce, "Malam, ina intanet ɗinta? Ai dish kunne ne, ba shi da baki. Ji kawai yake yi, ba ya mayar da magana."

Wannan maganar ce ta warware mini komai, kuma ita ya kamata a ce an rubuta a kan kwali da manyan baƙaƙe. Tauraron ɗan'adam yana can sama da nisan kusan kilomita 36,000, yana zubo sigina ga duk wanda ya tara faranti. Ba shi da labarin wane ne ya danna wani abu a ɗakinsa. Abin da tasha take yi shi ne ta cusa wani ɗan ƙaramin bayani a cikin siginar, wanda yawanci adireshin intanet ne. Risiba ta karanta, ta nuna wata alama a kusurwar allo na 'yan daƙiƙoƙi. In ka danna, sai ta bar dish ta bi ta intanet ɗin gidanka ta ɗauko shafin. Ashe kyautar a hoton da ke saukowa daga sama ta tsaya. Duk bidiyon da ka nema da hannunka, datarka ce ke biyan kuɗinsa.

Risibar ba ta da Wi-Fi a cikinta. Na soka ɗan sandan Wi-Fi da nake da shi a ramin USB, ta ƙi ganinsa. Mai dish ya ce irin waɗannan risibobi ba kowane suke karɓa ba, sai mai ƙwaƙwalwar RT5370 ko MT7601, don su kaɗai aka saka wa manhajarta. Na nemo, ta haɗu. Na danna jan maɓalli, har yanzu shiru. Sai can cikin saiti, a ƙarƙashin wani sashe da babu wanda zai yi tunanin shiga, na tarar da HbbTV ɗin a kashe yake tun daga masana'anta. Abin da aka yi tallar kaya da shi, shi aka kashe aka ɓoye.

Amma gaskiya ɗaya ce, daren da ya buɗe na yi murna kamar yaro. Alamar ta fito a ƙasan allo, na danna, hoton tashar ya ƙanƙance ya koma gefe, jerin shirye-shirye ya bayyana da hotunansu. Na zaɓi labaran da aka yi awa uku da suka wuce, suka fara daga farko. Na duba hasashen yanayi. Na kunna rubutun fassara mai manyan haruffa, wanda za ka iya ƙara masa girma. Na kira Baba ya zo ya gani, ya tsaya yana riƙe da ƙofa yana kallo, ya ce, "Yanzu wannan abin da ya wuce ne ka dawo da shi?" Na ce, "Shi ne, Baba. Daga yau ko ka yi barci ba abin da zai wuce ka." Da a wannan daren na rubuta sharhin nan, da tauraro biyar zan ba ta ba tare da wani tunani ba.

Na lura tun lokacin cewa tashoshin da ke nuna alamar ba su da yawa. Cikin ɗaruruwan da na kama, waɗanda suka amsa ba su cika yatsun hannu biyu ba. Wannan kam ba laifin risiba ba ne. HbbTV tsari ne da aka ƙulla a Turai a 2009, Jamus da Faransa ne a kan gaba, shi ya sa tashoshin Jamus irin su ARD da ZDF, waɗanda ke sauka kyauta daga tauraron Astra a digiri 19.2 gabas, suka daɗe da shi. Tashoshin Birtaniya sun yi shekaru a kan wani tsari daban mai suna MHEG-5, Italiya kuma ta daɗe a kan wani tsarin mai suna MHP kafin ta koma HbbTV. Tashar da ba ta saka komai a siginarta ba, ko yatsanka zai kumbura da dannawa ba abin da zai fito. Na karɓi wannan, tunda tashar giwayen Baba tana cikin masu amsawa.

Sai ranar kashi na shida, na ƙarshe. Ranar ce likita ya ba Baba ta duba idonsa, kuma na san ba za mu dawo da wuri ba. Tun a mota yake maganar shirin, don a kashi na biyar an bar Uwar Garke tana ɗingishi a bayan garke, fari ya tsananta, ba a nuna ko ta isa ruwa ba. Na ce masa, "Baba, kwantar da hankalinka, yana nan a ajiye. Gobe da safe ka kalle shi a tsanake." Na faɗa da bakina, da cikakken tabbaci.

Washegari ya zauna a kujerarsa, ya goge tabaransa da gefen riga. Na danna jan maɓalli, jerin ya fito, ga hoton giwayen nan, ga lamba 6 a jiki. Na danna. Ɗan da'irar nan ta yi ta juyawa, sai allo ya yi baƙi, wasu layuka biyu na rubutu suka fito cikin harshensu. Na ɗauki waya na haska rubutun don ta fassara mini. Abin da ya ce shi ne, saboda dalilai na haƙƙin mallaka, ba za a iya kallon wannan shiri a ƙasar da kake ba. Na fita, na sake shiga. Na kashe risibar na kunna. Na gwada kashi na biyar, wanda muka kalla da idonmu a wannan ɗakin mako guda da ya wuce, shi ma saƙon ɗaya ne. Baba bai ce komai ba na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Bar shi, ɗana, kada ka wahalar da kanka." Ya cire tabaran ya ninke. Wallahi da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, shirin nan daren jiya ya sauko a kan dish ɗinmu kyauta, babu wanda ya tambaye mu inda muke. Daga baya na gane dalili. Tashoshi suna sayen izinin nuna shiri ne ƙasa-ƙasa. Hasken tauraro ba ya sanin iyaka, yana malala har ƙasashen da ba don su aka yi ba, mu da muke gefe mu tsinta. Intanet kuwa tana ganin adireshin da ka fito, ta san ƙasarka kafin bidiyo ya fara. Shi ya sa labarai da wasu shirye-shiryen da tasha ta yi da kanta suke buɗewa, amma wasanni da fina-finai da manyan shirye-shiryen da aka sayo ko aka yi da haɗin gwiwa sukan kasance a kulle. Na san ba masu risiba ne suka kulle ba. Amma su ne suka rubuta a kwali kamar ƙofa a buɗe take ga kowa, mai sayarwa kuma ya ƙara gishiri, alhali ko kalma ɗaya ta gargaɗi babu.

Tun daga ranar na fara ganin aibin da murna ta rufe mini ido a kai. Risibar tana da nauyin jiki: daga dannawa zuwa buɗewa sai ka ƙirga goma, wani lokaci ashirin. Sau da yawa takan daskare a tsakiyar jeri, rimot ya daina aiki, sai ka zare wuta. Akwai tashoshi biyu da alamar ke fitowa amma shafin ya zo fari fat. Na bincika, ashe HbbTV ɗin ma hawa-hawa ne: an fitar da 1.5 a 2012, aka fitar da 2.0 a 2015 wanda ya koma kan HTML5, wato sabon tsarin gina shafukan intanet, kuma tashar da ta gina shafinta a kan sabon ba lallai tsohuwar risiba ta iya buɗe shi ba. A kwalin tawa babu lamba ko ɗaya. Na rubuta wa kamfanin sau biyu ina tambayar wanne ne a ciki, da ko akwai sabuwar manhaja, har yau ko gaisuwa ba su amsa ba. Ga kuma data. Bidiyo mai tafiya da megabit 5 a daƙiƙa yana cin fiye da gigabayit 2 a awa ɗaya. A makon farko, lokacin ɗoki, datar wata guda ta ƙare ban ankara ba.

Abin mamaki, wanda bai taɓa ba ni kunya ba shi ne mafi tsufa a ciki, wato teletes. Shafukan rubutun nan masu manyan haruffa kala-kala, da BBC ta fara da sunan Ceefax a 1974 ta kuma rufe a 2012, har yanzu wasu tashoshin Turai suna aiko su. A cikin siginar tauraron suke zuwa, ba ruwansu da intanet, ba ruwansu da ƙasarka. Ka danna maɓallinsa, shafi na 100 ya fito, ka buga lamba uku ka karanta sakamakon wasa ko kanun labarai. Ranar da intanet ta ɗauke mana kwana biyu, shi kaɗai ya rage yana aiki. Sai dai tsohuwar risibata ma tana da shi, ni ne ban taɓa kula ba.

Yanzu dabarar da na koma ita ce filash. Na soka babba a bayan risibar, ina shiga jadawalin shirye-shirye in sa mata alama ta naɗi abin da Baba yake so. Wannan yana aiki, kuma abin da ka naɗa daga dish babu mai zuwa ya ce maka ba a ƙasarka ba. A nan na ɗan huce, har na ce wa wani abokina ba laifi ya saya. Sai ga ƙarshen Oktoba, Turai ta mayar da agogonta baya da awa ɗaya kamar yadda take yi a Lahadin ƙarshe ta watan. Naɗin da na saita da hannu a kan lokaci bai bi canjin ba. Na buɗe fayil da safe na tarar da awa guda ta wani shirin tattaunawa, shirin Baba kuma yana farawa daidai inda naɗin ya tsaya. Kuma ramin USB ɗaya ne tak mai aiki sosai, na gaban yana yawan yankewa, don haka kullum cikin zaɓi nake: ko filash, ko sandan Wi-Fi. Na kira abokin nan na ce ya dakata tukuna.

In mutum hoto mai kyau yake so da naɗi, za ta yi masa, amma masu arha ma suna yin wannan. In kuwa jan maɓallin ne ya ja ka kamar yadda ya ja ni, kafin ka miƙa kuɗi ka sa a haɗa ta da intanet a gabanka, a kan tashar da kai kake kallo, ka zaɓi shirin da kake so, ba labarai ba, ka tsaya sai ka ga bidiyo yana tafiya. Ka tambayi lambar HbbTV ɗin, in an ce ba a sani ba ka ajiye. Tauraro biyu na ba ta, ɗaya don daren farko, ɗaya don filash.

Kashi na shida dai har yanzu Baba bai gan shi ba. Tashoshin nan sukan maimaita irin waɗannan shirye-shirye bayan wasu watanni, don haka duk ranar Lahadi nakan buɗe jadawalin kwana bakwai in bi shi layi-layi ina neman sunan. Jiya ma da na ɗauki rimot ya ɗago kai ya tambaye ni ko an sa Uwar Garke. Na ce tukuna, Baba.