Wata takwas bayan tiyatar jijiyar fuska da aka min a Abuja

Jiya da asuba na yi alwala da ruwan randa, kun dai san ruwan Jos a watan Disamba kamar daga firij aka ɗebo shi, na watsa a fuska sau uku ban ji komai ba sai sanyi, shi ne na ce yau kam bari in zauna in rubuta sharhin nan da na daɗe ina cewa zan yi, don mata biyu sun kira ni suna tambaya wai tiyatar ta yi kuwa, kuma su ma su je a musu ko su haƙura. Ta yi, alhamdulillahi. Amma da sauran bayani.

Nawa ciwon a gefen dama yake, daga saman leɓe ya bi gefen hanci ya watsu a kumatu. Wanda bai taɓa ji ba ba zai gane ba wallahi, ba zugi ba ne irin na haƙori, kamar wayar wuta ce aka ɗora miki a fuska, ya fizge ki na 'yan daƙiƙu ya saki, ki tsaya kamar gunki kina jiran na gaba. Asuwaki yana tada shi, tauna tana tada shi, magana, dariya, iskar hunturu idan ina cikin keke daga Bauchi Road zuwa Terminus, kai har bakin gyale idan ya shafi kumatuna. Ni kuma malama ce, aji huɗu nake koyarwa, sai ina tsakiyar bayani in ɗauke wuta in dafe tebur, yara su yi tsit su zaci fushi nake da su. Akwai lokacin da na yi kusan sati uku kunu kawai nake sha da tsinken shan lemo, ta gefen hagu.

Haƙora biyu aka cire min kafin a gane ba su ba ne. Lafiyayyu. Wannan har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci, wani wurin haƙori ne a nan cikin gari ba zan kama suna ba, an cire na farko ciwo bai tafi ba aka ce ai na kusa da shi ne. A gida kuma aka ce iska ce, Baaba ta aiko da rubutu da turaren hayaƙi, na sha na yi, addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza, amma ciwon yana nan. Wani matashin likita ne Allah ya haɗa ni da shi ya zauna ya yi min tambayoyi, minti nawa yake yi, gefe ɗaya ne ko biyu, me ke tada shi, ya ce Malama wannan ba haƙori ba ne jijiya ce, sunan ciwon tirajeminal niyuraljiya. Ya ɗora ni a kan wani magani Tegretol, cikin kwana biyu na ci tuwo. Na yi kuka ranar.

To maganin ya riƙe ni kusan shekara uku, sai dai kullum ƙara shi ake yi, daga ƙwaya ƙarama safe da yamma har na kai miligiram 1200 a rana, ina tafiya ina tangaɗi, in ga allo ya zama biyu, in manta sunan yaron da ke gabana. Aka yi gwajin jini aka ce gishirin jinina ya sauka kuma maganin ne ya jawo. Ga ciwon ya fara kutsowa duk da maganin. A nan ne aka fara zancen tiyata.

Hoton MRI na farko da na yi bai nuna komai ba, ashe akwai irin yankan da ake so a yi, siriri sosai daidai wurin da jijiyar ta fito daga ƙwaƙwalwa, sai a Abuja aka sake. Wannan ku riƙe shi, ku tambayi likitan tiyatar irin hoton da yake so tun kafin ku biya, kar ku biya sau biyu kamar ni. Likitan ya juyo min da kwamfuta ya nuna min, ya ce jijiyoyi goma sha biyu ne suke fitowa daga ƙwaƙwalwa a kowane gefe, wannan ita ce ta biyar, tana da rassa uku, na goshi da ido, na kumatu, da na haɓa, ni na tsakiyan ne yake damuna. Ga wata 'yar jijiyar jini ta lanƙwaso ta kwanta a kanta, duk bugun zuciya sai ta doke ta, shekara da shekaru har rigar jijiyar ta goge kamar wayar caja da robarta ta zare. Hoton kuma yana da wani amfanin, a tabbatar ba ƙari ba ne yake danne ta, ba kuma wata cutar ƙwaƙwalwa ba.

Hanya uku ya shimfiɗa mana ni da maigida. Akwai ta allura, a soka ta kumatu a kai ga tushen jijiyar a ƙona ta da zafi ko a matse ta da ɗan balan-balan ko a zuba mata wani ruwa, ba a buɗe kai, ya fi dacewa da tsofaffi ko masu ciwon zuciya da ba za su jure doguwar tiyata ba, amma fuska tana iya mutuwa ki ji ta kamar ba taki ba, kuma ciwon ya fi saurin dawowa. Akwai Gamma Knife, haske ne ake harbawa babu yanka, amma sai an yi makonni ko watanni kafin ya fara aiki, kuma wuraren da aka ambata mana Masar ne da Indiya, ga dala ga biza. Sai ta ukun, MVD, a buɗe 'yar ƙofa a ƙashin bayan kunne, a ɗaga jijiyar jinin a sa ɗan Teflon kamar auduga a tsakaninsu, ita jijiyar fuskar ba a lalata ta. Wani likita Ba'amurke Peter Jannetta ne ya yaɗa aikin tun shekarun 1960, kuma a binciken da aka buga a 1996 kan marasa lafiya 1185, kusan kashi 70 cikin ɗari bayan shekara goma ba ciwo ba magani. Kun ga ke nan ba kowa ba ne, kuma likitan nawa ya faɗa min hakan ƙarara.

Abin da ya sa na zaɓe shi ma ke nan. Mun fara zuwa wani asibitin, gini kamar otal, likitan can ya ce Hajiya ba komai ba ne wannan, kwana uku kin koma gida. Wannan kuwa sai da ya lissafo mana abin da zai iya faruwa, kunnen gefen zai iya kurmancewa saboda jijiyar ji tana kusa, ruwan ƙwaƙwalwa zai iya ɗiga, sanƙarau, shanyewar ɓarin jiki, har mutuwa ko da yake ba ta kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Maigida ya dube shi ya ce, likita ka yi haƙuri da tambayata, kai da hannunka guda nawa ka yi? Ni kunya ta kama ni na sunkuyar da kai, shi ko ko a jikinsa, ya faɗi adadin, ba wani mai yawa ba ne, ya ƙara da cewa mutum ɗaya a ciki jinsa ya ragu. Muna fitowa maigida ya ce wannan shi za mu ba kanki.

Baaba ce ta ƙi. Ta ce yanzu ke da hankalinki za ki kai kanki a fasa? Sai da Yaya ya je har gida ya zauna da ita, muka yi istihara, sannan ta ce Allah ya sa a yi a sa'a.

Kuɗi kam an ci. Sarƙata ta gwal ta tafi, kwasar adashina ta tafi, Yaya ya cika. Kuma a nan ne ƙorafina na farko yake, takardar da ofishin kuɗi suka ba mu da farko ashe ba ta haɗa da kwanan ɗakin kulawa ta musamman ba, ba jinin da aka ce a tanada, ba wasu gwaje-gwaje, sai ana gobe tiyata aka miƙo wa maigida wata sabuwa yana ta kiran 'yan'uwa a waya a bakin baranda. Ku sa su rubuta muku komai da komai, a sa hannu.

Ranar aikin, a watan Afrilu, ni duk fargabata aske kai ne, na tsefe kitsona ina ta jimami, ashe ɗan wuri ne kawai bayan kunne za a aske, faɗin yatsa uku. An shiga da ni da safe, ƙanwata ta ce an yi kamar awa uku. Da na farfaɗo abin da na fara yi shi ne na tura harshe na taɓa dasashin sama, wurin da shekara huɗu ban yarda komai ya taɓa ba. Shiru. Na sake dannawa. Shiru. Sai kuma amai ya taso.

Wannan ɓangaren ne nake ganin ba a faɗa wa mutane sosai. Kwana biyun farko na sha wuya, kai kamar ana daka a ciki, jiri, ko ruwa na kurɓa sai ya dawo, wuyana ya sage saboda yadda aka kwantar da ni a gefe aka ɗaure kan. Kunnen dama kuma ya toshe kamar na yi wanka ruwa ya shige, ina jin muryata a cikin tulu, na tsorata na ce shi ke nan kurumtar ce, likita ya ce ruwa ne ya taru zai janye, sai da ya yi sati uku kuwa kafin ya buɗe. Nas-nas na rana ba ni da abin cewa sai godiya, akwai wata 'yar Filato da ta gane daga Jos nake ta riƙa ce min 'yar gida. Na dare kuwa sai a hankali, ki danna ƙararrawa har ki gaji, ruwan da ake ƙara min ya ƙare jini ya fara hawa roba sai da ƙanwata ta fita neman su. Don Allah kar wanda ya je ba mai jinya.

Kwana biyar aka sallame ni, muka zauna gidan Yaya a Kubwa har aka cire ɗinki bayan sati biyu. An ja min kunne idan na ga ruwa fari tas mai gishiri-gishiri yana ɗigowa ta hanci ko ta wurin ɗinkin, ko zazzaɓi da sanƙarewar wuya, in dawo ko ƙarfe nawa ne. Rana ta tara hancina ya fara yoyo, hankalin gidan duk ya tashi, muka tura wa likita saƙo ta WhatsApp wajen sha ɗayan dare kuma wallahi ya amsa, ya yi tambayoyi ya ce mu zo da sassafe, aka duba ashe mura ce ta esi. Wannan amsa saƙon kaɗai ya wanke min rabin haushin ofishin kuɗi.

Dawowa gida ma wani aiki ne, Keffi, Akwanga, ga ramuka, na rungume filo biyu na jingina kai, a Hawan Kibo kunnen nan ya riƙa ƙara kamar zai fashe. Da na sani da na ƙara sati guda a Kubwa.

Sati shida a kan kujera nake sallah, don idan na sunkuya sai in ji kan ya cika. Ba daka, ba ɗaukar bokiti, ba yunƙuri a bayi har magani aka ba ni saboda hakan. Tegretol ɗin ma ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali aka riƙa ragewa har kusan wata biyu. A sati na uku na ji ciwon ya ɗan fizge ni sau biyu a gefen hanci, na zauna a ƙasa ina kuka na ce kuɗinmu ya tafi a banza, likita ya ce jijiyar da ta daɗe a danne takan yi haka kafin ta warke, daga nan ban sake ji ba. Gajiya ce ta fi daɗewa, sai bayan wata biyu na koma aji, shi ma rabin rana.

Ga matan da suka kira ni, na ce musu ni an ga jijiyar jinin a hoto ƙuru-ƙuru, ciwona irin mai fizga ne ya saki, maganin ya taɓa yi min aiki, kuma shekarata 46 ba hawan jini ba suga. Ɗaya daga cikinsu nata ƙuna ne yake yi mata dare da rana ba ya tsayawa, na ce ta faɗa wa likitanta hakan yadda yake don ba lalle abu ɗaya ke damunmu ba.

Abin da ya rage min yanzu, wurin ɗinkin yana ƙaiƙayi idan sanyi ya yi yawa, kuma har yau idan iska ta bugo sai in ga hannuna ya kai gyale kumatu da kansa. Sauran rabin kwalin maganin yana cikin jakata ban iya yarwa ba, maigida yana ta min dariya. Ran Juma'a ya shigo da balangu, na ce yau ta dama zan tauna, na kai naman sai ya faɗa gurbin haƙoran nan biyu. Kuɗin sa su muke tarawa yanzu.