Jakar tafiya mai laushi ta sandunan golf: soson yana gefe, kai a buɗe

A tafiya ta uku jakar nan ta karya mini draiba, wato doguwar sandar bugun farko. Ƙotar ta tsage ne ɗan sama da bakin jakar wasa, wato jakar sanduna da ake sakawa cikin jakar tafiya, kan sandar yana reto a cikin hularsa. Jakar tafiyar kuwa ko ƙwarzane babu a jikinta, zif lafiya, yadi lafiya. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan: ta kare kanta, ta bar abin da aka saye ta dominsa.

Ga yadda ɓarnar take faruwa. Draiba tana kai inci 45 ko ɗan fiye, ta ɗara sauran sanduna tsawo, don haka ita ce ke tsaye ita kaɗai a can sama. Idan masu lodin jirgi suka jefa jakar ta faɗi da ka, ko aka danno wani akwati ta wannan ɓangaren, nauyin kusan kilo 20 a kanta yake sauka. Ƙotar garafayit, wato abu mara nauyi da ake yin ƙotar draiba da shi, tana jure lanƙwasa lokacin bugu, amma ba ta jure dannawa farat ɗaya, musamman inda ta jingina da bakin jakar wasa mai tauri. Masu ɗinka wannan jaka sun zuba soso mai kauri a gefe biyu na sama, inda ido zai gani hannu ya taɓa a yaba. Saman kai, inda bugun yake zuwa, yadi ne da siririn soso wanda yatsa biyu ke matse shi ya lafe. Soso yana rage karo daga gefe. Ba ya hana jaka naɗewa ta tsawonta.

Dalilin zaɓen mai laushi tun farko yana nan daram, ban janye shi ba. Yawancin kamfanonin jirage kilo 23 suke bari. Jakar wasa da sanduna 14, da ƙwallaye da takalmi, tana cin kilo 12 zuwa 14. Akwatin roba mai tauri shi kaɗai yana iya kai kilo 8, ga shi ba ya shiga but ɗin ƙaramar mota sai an kwantar da kujerun baya. Wannan kuwa ba ta kai kilo 5 ba, tana naɗuwa a tura ta ƙarƙashin gado. A nan ta yi abin da aka ce za ta yi.

Kuma gaskiya karayar tana da magani. Akwai sandar alminiyum mai zugewa, da faffadan kai kamar na laima, da ake sakawa cikin jakar wasa a ɗaga ta ta ɗara draiba da inci biyu zuwa uku, ta yadda ita za ta karɓi bugun. Idan kan draibarka mai kwancewa ne, kwance shi da ɗan sifanansa, ka naɗe shi a tawul ka sa a aljihun jaka, amma ka rubuta saitin da yake kai kafin ka cire. Sandunan ƙarfe a haɗa kawunansu wuri ɗaya, a cusa tawul a tsakani, a ɗaure, don kada su riƙa dukan ƙotocin garafayit a hanya. Bayan karayar, da wannan shiri jakar ta yi tafiya biyu ba abin da ya samu sanduna. Har na fara cewa laifin rabi nata ne, rabi na rashin shiri.

Sai dai in na tuna cewa ba a haɗo ta da wannan sandar ba, kuma ko layi ɗaya ba a rubuta a takardarta cewa ana buƙatarta ba, sai raina ya sake ɓaci. Wanda ya ɗinka jakar sandunan golf ya san wace sanda ce ta fi tsawo. Ga maɗaurin ciki guda ɗaya tak, a tsakiya, maɓallinsa na roba yana sakin jiki da kansa. Ana buƙatar biyu, ɗaya a wuyan jakar wasa ɗaya a ƙasa, in ba haka ba jakar ciki tana zamewa gaba duk lokacin da aka karkata ta, kawunan sanduna su je su tokare yadi. Tayoyin ma ƙanana ne, an kafe su da ƙusa a kan faranti mai laushi. Idan an cika kaya gindin yana lotsawa, yadi ya riƙa jan ƙasa tsakanin tayoyin biyu, kuma tuni ya fara cinyewa a wurin.

Batun diyya ma jakar ce ta ja min asara. Kamfanonin jirage da dama ba sa ɗaukar alhakin sandar da ta karye a jaka mai laushi, wasu ma sai ka sa hannu a kan haka kafin su karɓi kayan. Duk da haka, buɗe jakar tun kana wurin karɓar kaya, ka ɗauki hoto, ka shigar da ƙorafi kafin ka fita. A tafiyar ƙasa da ƙasa Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta tsara alhakin kamfanonin jirage, kwana bakwai ta bayar a kai ƙorafin lalacewar kaya a rubuce, amma in ka riga ka bar filin jirgi hujjarka ta yi rauni.

Mai tafiya sau ɗaya ko biyu a shekara, a jirgi ɗaya ba canji, zai iya lallaɓawa da ita in ya sayi sandar tallafi a rana guda. Mai canjin jirgi, inda za a sauke kaya a sake lodawa, ya nemi jakar da samanta ke da tauri ko akwatin roba gaba ɗaya. Ni kam ba zan sake sa draiba a cikin wannan ba sai na kwance kanta.