Filayen masaƙun Kakuri: gidaje da shaguna, ko a bar su na masana'antu?

Tun da manyan masaƙun Kakuri a Kaduna suka daina aiki, ake ta muhawara kan filayensu.

Mai son gidaje da shaguna, sai ya fara neman sauya manufar filin da ke rubuce a takardar mallaka, domin dokar filaye ta 1978 ta ɗora amanar ƙasa a hannun gwamna. Sannan KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, ta amince da tsarin ginin. Takardu ba su ne babbar wahala ba, ƙasar ce. Inda aka shekara da shekaru ana rini, sinadarai sun shiga ƙasa, kuma ana iya tarar da tsofaffin tankunan mai a binne. Dole a haƙa ramukan gwaji a wurare da dama, a auna ƙasa da ruwa kafin a yanka fuloti. In aka tsallake wannan, mazauna ne za su sha gubar a rijiyar burtsatse. Rufin asbestos kuma a jiƙa shi a sauke ɗungurungum, fasa shi ne ke sakin ƙurar da ke lalata huhu.

Barin filin na masana'antu ya fi sauƙi. A raba tsohon zauren gida-gida ga masu ɗinki, kafintoci da masu niƙa. Matsalarsa wutar lantarki, wadda tana cikin abin da ya durƙusar da masaƙun.

A ganinmu, bakin titi ya dace da shaguna da gidajen sama, amma ɓangaren rini a bar shi ga masu sana'a har sai gwaji ya nuna ƙasar ba ta da guba.