Hattara da mai tallan wilin keken fiksi a intanet: kayansa na iya kashe mutum

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau sati uku ke nan ina jinyar kafaɗa da gwiwar hannu, sai yanzu na iya zama in yi rubutu. Kuɗin da aka ci mini na bar wa Allah. Abin da ke hana ni sukuni shi ne har gobe mutumin nan yana talla, kuma wanda zai faɗa hannunsa a gaba wataƙila ba zai tashi daga kan kwalta ba kamar yadda Allah Ya tashe ni.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, na jingine babur na koma keke don zuwa wurin aiki a nan Kano. Wanda na samu a wurin masu kekunan gwanjo irin wanda ake ce wa fiksi ne. Ga wanda bai san shi ba: giyarsa ɗaya ce, kuma ba shi da firiwil, wato abin nan mai ƙarar tik-tik da ke ba ka damar sakin feda keke ya yi ta gangarawa. A fiksi, ɗan faifan haƙoran da sarƙa ke ja, wanda muke kira kog, a ɗaure yake tamau da hob, wato cibiyar da ke tsakiyar wili. Muddin taya na juyawa, feda na juyawa. In kana son rage gudu sai ka danne fedar baya da ƙarfin cinya. Asalinsa keken tsere ne na fili mai zagaye, irin wanda aka gina a babban filin wasa na Abuja saboda wasannin Afirka na 2003. Ni dai abin da ya sa na riƙe shi, ba ya cin kuɗin gyara.

Da damina na afka wani rami da ruwa ya rufe, wilin baya ya lanƙwashe. Na kai wa wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu wanda duk muke kira Baba. Ya duba ya ce rim ɗin, wato zagayen ƙarfen da taya ke zama a kai, ya tsage a bakin ramin sifok, siraran ƙarafan nan da ke haɗa rim da hob, ba ya ɗaukar gyara. Na zaga kasuwa, abin da ke akwai wilin manyan kekunan nan ne irin na da, sai na kekunan hawa dutse masu giya. Hob ɗin fiksi kuwa kamar a nemi allura cikin ruwa. Shi ya kai ni intanet.

Tallan ya yi kyau ƙwarai. Wili biyu, gaba da baya, baƙaƙe, rim mai zurfi, har da hoton hob ɗin na kusa. Mai tallan ya ce a Legas yake, ragowar kayan kwantena ne, naira 70,000 duka biyun. Da na lissafa abin da sabo zai ci in an yo odarsa daga waje, sai na ga wannan bai kai rabi ba. Muka koma WhatsApp, sai ga mutum yana zuba Hausa kamar ni. "Malam, wallahi don kai namu ne na bar maka haka." Na ce mu yi kiran bidiyo in ga kayan, ya ce sabis ba kyau inda yake. Na ce to ya ɗauko mini sabon hoto, ya ce an riga an naɗe a kwali, kuma mutum uku na jira, in ba na so ya ba wani. Da ya turo lambar asusu sai na ga suna daban da wanda yake amsawa, ya ce na ƙanensa ne. Duk wannan na gani da idona, amma sati biyu ina biyan kuɗin adaidaita sahu, na matsu. Na tura, na ƙara 8,000 kuɗin sa kaya a mota. Daga ƙarshe ya ce: "Na ma ɗaura maka kog mai haƙori 16 da zobensa, kyauta ce daga gare ni." Na yi ta godiya. Ashe nan tarkon yake.

Bayan kwana biyar na karɓo kwali a tasha. Ina buɗewa warin fentin feshi ya buge ni. Rim ɗin bai kai zurfin na hoto ba. Na kira shi, ya ce wancan ya ƙare, wannan ma ya fi shi ƙarko. Da daddare na ɗaura da kaina ban kai wa Baba ba. Sai da na buɗa ƙarfen bayan keken da hannu kafin wilin ya shiga, kuma da na hau sarƙa na ta gurnani. Na ce sabon abu ne, zai zauna.

Kwana tara na yi a kansa. Ran na tara da safe, ina dosar wani shataletale da ɗan gudu, mai adaidaita ya yanko gabana zai ɗauki fasinja. Na danne feda baya kamar yadda na saba. Na ji wani ɗan "ƙas", sai ƙafafuna suka tafi a banza, feda na juyawa baya ba abin da ta riƙe, keke kuwa na ci gaba da gudunsa. Na damƙe birkin gaba, robar ta yi ta sulɓi a kan fenti. Na bugi bayan adaidaitan da kafaɗa na zube. Wata tifa ce ke bina a baya, Allah Ya sa direban ya ga abin tun daga nesa ya taka birki. Har yanzu in na rufe ido ina ganin tayarta.

Da na ɗan ji sauƙi na sa ƙanena ya tura keken wurin Baba, na bi su a hankali. Baba ya ciro wilin ya ɗora a cinya. Kog ɗin da zoben duk sun saki, da yatsa biyu ya ƙarasa warware su, kuma duka biyun gefe ɗaya suka bi suka fita. Ya kankare tiredin, wato zanen da ake murɗa noti a kai, da farce, busasshen gam ya zubo fari-fari a kan zanen wandonsa. Ya ɗago ya dube ni.

"Ɗana, wa ya sayar maka da wannan?"

Na ce, "Baba, a waya na saya."

Ya ce, "Wannan hob ɗin firiwil ne, na tsohon keken tsere mai giya. Zoben nan kuma ba na nan ba ne, na gindin feda ne. Wanda ya haɗa wannan ya san abin da yake yi. Allah Ya isar maka."

Ya ɗauko wuƙa ya kankare fentin gefen rim ɗin. A ƙarƙashi tsohon alminiyam ne da birki ya riga ya cinye har ya yi kwari, kana sa yatsa za ka ji loɓawar.

A nan nake roƙon ku natsu, domin ko ba ku tuna komai a rubutun nan ba, ku tuna wannan. Kog ana murɗa shi ne a kan hob ta dama, kamar kowane noti. In kana taka feda gaba, ƙara ɗaure shi kake yi. In ka danne baya, kwance shi kake yi. Saboda haka hob ɗin fiksi na gaskiya yana da tiredi hawa biyu kamar matakala. Hawan ciki ya fi kauri, inci 1.37, nan kog ke zama. Hawan waje ya fi siranta, a yawancin hob inci 1.29, kuma tiredinsa bahago ne, ta hagu ake ɗaure shi. Nan zoben kulle ke zama. Idan kog ya nemi kwancewa sai ya goga wa zoben, gogar nan kuma ƙara ɗaure zoben take yi tunda hanyarsa daban ce. Hob ɗin firiwil kuwa hawa ɗaya gare shi, kuma kaurinsa ya yi daidai da na kog, shi ya sa kog ke hawa kansa lafiya lau ba wanda zai gane. Zoben gindin feda shi ma kaurinsa ɗaya da wannan tiredin, kuma ta dama yake ɗauruwa. In aka jera su aka zuba gam, a ido sak na gaskiya, amma ranar da ka danne da ƙarfi tare za su kwance. Masu keke a Turai da Amurka sun daɗe da sanin wannan haɗin, sunan da suka ba shi ma yana nufin hob ɗin kashe kai. Shi ya sa ɗan damfarar nan yake ɗaura kog ya ce kyauta ce, don ya rufe wurin da asirinsa zai tonu.

Na kira shi na faɗa masa abin da ya faru. Da farko ya yi ta salati yana jajanta mini, ya ce yaronsa ne ya yi kuskuren kwali. Sai ya ce zai mayar mini da kuɗina, amma in fara tura 15,000 na direban da zai zo ya karɓi kayan. Na ce ya cire daga cikin kuɗina da ke hannunsa. Daga nan ya toshe lambata. Da na ba da labari a zauren mahaya keke da nake ciki, mutum biyu suka fito. Ɗaya ya biya bai ga ko kwali ba. Ɗayan an aiko masa wili mai inci 27, tayarsa ta ƙi shiga. Hotuna iri ɗaya, magana iri ɗaya, har da "don kai namu ne", sai dai suna da lambar waya da asusu duk daban. Wani a cikinmu ya bi sawun hotunan a intanet, ya tarar daga shafin wani kanti na ƙasar waje aka kwaso su. Mun kai ƙorafi banki da wurin 'yan sanda, mun kuma rubuta wa hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC. Duk wanda abin ya shafa kada ya goge hirarsu ko shaidar tura kuɗi, su ne hujjarsa.

Wanda zai sayi wili daga nesa, kada ya tura ko sisi sai ya ga bidiyon hob ɗin tsirara, ba kog ba zobe, hawa biyun nan a fili, da takarda a gefe ɗauke da sunansa da kwanan wata da hannun mai kayan. Akwai hob mai fuska biyu, gefe ɗaya na firiwil gefe ɗaya na fiksi, wannan ba laifi, amma a nuna maka gefen mai hawa biyu. A sa ma'auni a auna faɗin hob daga noti zuwa noti: na bayan fiksi milimita 120 ne, na gaba 100. Nawa da aka aiko 126 ne, na tsofaffin kekunan tsere, shi ya sa sai da na buɗa ƙarfe, shi ya sa kuma sarƙa ke tafiya a karkace. In ka ji 130 ko 135, yawanci na keke mai giya ne. Sannan kada ka yarda da maganar inci, duba lambar da ke jikin tayarka. Yawancin fiksi 622 ne, wanda ake rubutawa 700C. Mai inci 27 shi ne 630, na manyan kekunan iyayenmu kuwa 635. A ido kusan ɗaya suke, amma tayar wannan ba ta hawa wancan. In da hali, ka nemi wani naka a garin ya je ya gani, ko a biya bayan kaya sun iso. Mai gaskiya ba ya gudun wannan.

Game da ƙarancin kuɗi, na gane kuskurena tun daga tushe ne. Wilin baya kaɗai ya lalace, ba abin da ya sami na gaba, kwaɗayin baƙin rim mai zurfi ne ya ja ni sayen biyu. Rim mai zurfin nan in mai araha ne nauyi gare shi, kuma yana bukatar tif mai dogon bawul, kamar milimita 60, wanda samunsa a nan aiki ne. A titunanmu masu ramuka, rim na alminiyam mai bango biyu da sifok 32 ko 36 ya fi komai amfani, domin ko ɗaya ya tsinke mai gyara zai canza ya daidaita. Hob ɗin kamfanonin Taiwan irin su Novatec da Formula ba su da tsada sosai, kuma su ne a kan kekunan fiksi da yawa. Abin lura kawai, yawan ramukan hob ya zo ɗaya da na rim. Gefen rim inda birki ke kamawa ya kasance gogaggen ƙarfe ne, ba fenti ba.

Birkin gaba kuma don Allah kada wanda ya cire shi saboda gayu. A Landan, a 2016, wani matashi a kan fiksi marar birkin gaba ya buge wata mata tana tsallaka titi ta rasu, a 2017 kotu ta ɗaure shi wata 18. A can doka ce a sa birkin. Nawa yana nan, fentin ɗan damfara ne ya hana shi kamawa.

Abin da ya fi ba ni takaici, tsohon hob ɗina lafiyarsa ƙalau, yana jingine a bayan ɗaki tare da tsagaggen rim ɗin. Tun ran farko Baba ya ce a nemo rim mai rami 36 ya saƙa mini a kansa, na ga kamar zai ɗau lokaci. Yanzu hakan muka yi. Ya samo rim na gwanjo mai lafiya, ya sa sababbin sifok, ya kwana biyu yana ja yana saki har wilin ya tsaya cak, kuma duka abin da na kashe bai kai rabin abin da na tura wa wancan ba. Da zai ɗaura zoben kulle ya miƙo mini ya ce in murɗa da hannuna, in ji yadda yake shiga ta hagu.

Wilin jabun yana rataye a rumfar Baba, mun bar shi yadda yake da gam ɗinsa, duk mai fiksin da ya zo gyara ana nuna masa. Shekaranjiya ƙanena ya turo mini hoton wani sabon talla: baƙaƙen wili biyu, sabon suna, sabuwar lamba, an rage kuɗin zuwa 65,000, kuma a ƙasa an rubuta cewa kog da zobe kyauta ne.