Sassaƙa ko zubi: kayan cikin ƙaramar bindiga

A da, daga dunƙulen ƙarfe ake sassaƙo kunamar bindiga, aiki mai cin lokaci da kuɗi. Wajen 1997 kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya koma amfani da hanyar MIM, wato zubin garin ƙarfe. Ana cakuɗa garin ƙarfe da roba, a ɗura cikin mazubi, a cire robar, a gasa har ya tsuke ya haɗe. Dubbai suke fitowa iri ɗaya, kuma da araha.

Sai dai idan gashin bai yi kyau ba, kogo kan ɓuya a ciki, ƙarfen ya karye ba zato. A ganina, laifin na sakacin masana'anta ne, domin zubin da aka kula da shi yakan daɗe.