Gargaɗi ga Masu A Daidaita Sahu: Ku Yi Hattara da Masu "Ƙara wa Inji Ƙarfi"

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobin A Daidaita Sahu, da iyayen gidanmu masu sayen mashin su bayar ana kawo musu balas. Akwai wata damfara da ta shigo sana'ar nan tana cinye wa bayin Allah jarinsu, kuma abin da ya sa take tafiya shi ne ta zo da rigar gyara. Wasu mutane ne, wasunsu a Facebook da TikTok da WhatsApp, wasu kuma da ƙafarsu suke zuwa inda direbobi ke hutawa, suna cewa za su mayar da injin ɗan sahu mai girman 200cc (cc shi ne ma'aunin girman inji) ya koma 300cc. Wai zai hau gada da cikakken lodi ba tare da an sauko giya ba, wai zai tsere wa sa'o'insa a titi, kuma duk da haka wai mai zai ragu. Na daɗe ina hulɗa da mashinan nan da masu gyaransu, kuma ina faɗa muku da babbar murya: wannan magana ƙarya ce. Ku ba ni hankalinku in nuna muku dalili.

Na san abin da ke jan mutum. Tun da aka hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013, ɗan sahu ya zama shi ne ƙafar talaka, direbobi suka yi yawa, fasinja ya zama na rububi. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kuma sai lissafi ya ƙara dagulewa. Mutum ya fito tun asuba, ya sha mai da tsada, maigida na jiran balas, iyali na jiran cefane, ga mashin ya tsufa ya soma nishi a hawa. Wanda ke cikin wannan hali, idan aka ce masa ga hanyar da zai yi sawu biyu a lokacin da yake yin ɗaya, dole ya tsaya ya saurara. Ban ga laifinsa ba. Da wannan matsin ake kama shi.

To bari mu duba cikin injin. Mu ɗauki TVS King, wanda ya cika titunanmu. Injinsa silinda ɗaya ne, 199cc da ɗan ɗoriya. Faɗin ramin da fistin ke kai da komo a ciki milimita 62 ne, tsawon tafiyar fistin daga sama zuwa ƙasa kuma milimita 66. Daga waɗannan lambobi biyu ake fitar da girman inji, babu wani sirri bayan su. Idan bulo, wato gangar ƙarfen da wannan rami ke ciki, ya cinye aka kai shi wurin masu borin, ana faɗaɗa ramin ne kaɗan-kaɗan: rubu'in milimita, rabi, har zuwa milimita ɗaya, a sa fistin da ringi masu ɗan girma daidai da sabon ramin. Ko an kai ƙarshen wannan, wato ramin ya zama 63, injin bai wuce 206cc ba. Ƙarin kashi uku ne cikin ɗari da ɗan ɗoriya. Kafin wannan inji ya kai 300cc da kiranshaf ɗinsa na asali, sai ramin ya kai kusan milimita 76. Wato a ƙara milimita 14. Duk wanda ya taɓa riƙe bulon ɗan sahu a hannunsa ya ga kaurin bangon ramin ya san babu wurin da za a ci wannan faɗin. Bajaj ma haka abin yake, girman injinsa na nan tsakanin ɗari biyu da ɗari biyu da 'yan kai, gwargwadon samfuri. Ƙarfin waɗannan injuna wajen doki goma ne. A kan haka aka auna kulochi, da giya, da birki, da yawan baƙin man da ke zagayawa, da iskar da ke sanyaya su.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Borin gyara ne na halal, makanikai masu amana suna yinsa kullum, kuma yana dawo wa tsohon inji da matsinsa. Wanda ya ce maka "bulonka ya cinye, mu yi borin ya dawo daidai" ya faɗi gaskiya. Wanda ya ce "mu yi borin ya zama 300" shi ne nake maganarsa.

Masu damfarar kala biyu ne, na waya da na gareji.

Na waya ba su da shago, ba su da kaya. Bidiyo suke ɗorawa na wani ɗan sahu yana sheƙa gudu, sau da yawa ma idan ka lura da titin da rubutun allunan za ka ga ba a ƙasar nan aka ɗauke shi ba. Sai hoton kwali mai ƙyalli da fistin a ciki. Za a ce kayan daga Indiya ko Dubai suka zo, saura guda uku, ka tura kafin alƙalami a ajiye maka. Ka tura, sai a ce an sa a mota, ka biya kuɗin webil. Ka biya, sai a ce an tare kayan a hanya, sai an sallami jami'ai. Daga nan lambar ta daina shiga. Sunan da ke kan asusun da ka tura wa kuɗi daban, sunan shafin daban, muryar da ta yi magana da kai kuma wani ne can. Waɗanda ke yabon kayan a ƙarƙashin bidiyon, da yawansu shafukan ƙarya ne na mutum ɗaya. Wasu kuma sukan aiko da kayan, amma ka buɗe ka tarar da fistin na jabu mai girman naka na da, da wani CDI, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar filogi, da aka manna wa takarda mai launi.

Na gareji sun fi haɗari, domin wancan kuɗi kawai ya ci, wannan kuwa har da mashin. Sharaɗinsu na farko shi ne ka bar ɗan sahun ya kwana, wai aikin na buƙatar natsuwa kuma ba a yi a gaban mutane don kada a sace fasahar. Washegari ka zo, a tayar, ka ji ƙara ta cika wuri, ka zagaya ka ji lallai ya fi jiya ja. Nan ne mutane ke ruɗuwa, don haka bari in faɗi abin da aka yi cikin dare. An wanke kafireta, an sa sabon filogi, an daidaita bawul, an ɗaure wayar kulochi. Wannan sabis ne na yau da kullum da kowane yaron gareji zai yi maka da kuɗi kaɗan, kuma shi ne ya dawo da ƙarfin da datti ya danne. Sannan sai a fasa cikin salansa don ƙara ta ƙaru, kunne ya gaya wa zuciya cewa inji ya girma. A sa babban jet, wato ɗan ƙarfe mai rami da mai ke bi ta cikinsa, a kafireta, ko a buɗe ramin na da da waya. Wasu har matatar iska suke hudawa ko su cire ta gaba ɗaya.

Na tsaya a kan wani mashin da aka yi wa wannan aiki, na wani matashi da ke biyan kuɗinsa kaɗan-kaɗan. Mako bai cika uku ba ya soma hayaƙi yana cin baƙin mai. Da makanikinmu ya kwance filogi, baƙi ƙirin ya fito, har da laima. Ya ɗaga kan silinda, ya zura yatsa a cikin ramin, ya ce wa yaron: "Ƙanena, kawo hannunka ka ji." Bangon duk ya yi zane-zane daga sama zuwa ƙasa, kamar an bi shi da ƙusa. Ƙurar hunturu ce ta shiga kai tsaye tunda babu matata, ta haɗu da mai ta riƙa goge ƙarfen. Sai ya juya bulon ya ce: "Wannan ma ai ba naka ba ne." An cire masa na asali wanda kamfani ya sa, an ɗaura masa tsohon da aka riga aka yi wa borin har ya ƙure. Yaron ya zauna a kan benci ya riƙe kai, abin da kawai yake maimaitawa shi ne, "Oga, me zan gaya wa Alhaji?" Wallahi har yau idan na tuna fuskarsa raina ɓaci yake yi. Wanda ya yi masa aikin ya karɓi kuɗin aiki, ya kuma sayar da kayansa na asali, ya ci riba biyu a kan mutum ɗaya.

Ita kuwa maganar rage shan mai, a nan ne ƙaryar ta fi fitowa fili. Ƙarfi daga ƙona mai yake zuwa. Babban jet yana nufin ƙarin mai ne ke shiga, kuma idan ya fi ƙarfin iskar da ke shiga, ba ya ƙonewa duka: ya fita a hayaƙi, ya toshe filogi, ya wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka wanda ke ƙasa. Su maganaɗisun da ake ɗaurawa a jikin tiyon mai, da ƙwayoyin da ake jefawa a tanki, ba sa ƙara komai. CDI ɗin da suke kira na tsere kuma, idan ma ya yi wani aiki, lokacin tartsatsin wuta yake sauyawa. Injin da iska ke sanyayawa, yana tafiyar hawainiya cikin cunkoson Kantin Kwari ko Bata a zafin watan Afrilu, idan aka gaggauta masa wuta zafi yake ƙarawa, har fistin ya kama ko ya huje.

Akwai kuma masu cewa a sauya injin ɗungurungum, su kawo maka "babba" a farashi mai sauƙi. Tambaya ta farko: daga ina? Satar ɗan sahu ba baƙon abu ba ce a garuruwanmu, kuma ɓarayin sukan wargaza shi ne su sayar gunduwa-gunduwa. Kowane inji da lambarsa, kuma tana rubuce a takardun mashin. Ranar da 'yan sanda suka duba suka ga lambar ba ta dace da takarda ba, ko aka gano ta wani mashin da ake cigiya ce, kai za a riƙe, wanda ya sayar maka ya daɗe da ɓacewa. Idan mashin sabo ne kuma, da zarar an taɓa inji ta wannan hanya garantin dila ya faɗi. Idan na wani ne kake biya, ka taɓa dukiyar da ba ta gama zama taka ba, kuma wannan amana ce.

'Yan uwa masu babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, irin na China da ake dakon ruwan leda da hatsi da bulo da shi, ku ma ba a bar ku ba. Abin da ake yi muku shi ne a manna 250 ko 300 a murfin inji alhali cikinsa 200 ne ko ƙasa. Murfi da sitika ba shaida ba ne. Ku duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen injin. A yawancin injunan China, wanda ya fara da 162FMJ ajin 150 ne, 163FML ajin 200, 167FMM ajin 250. Lambobi biyun da ke bin ɗaya na farko faɗin ramin silinda suke nunawa. Galibi kuma akwai girman injin a zube a gindin bulo. Idan ka ga wurin an goge shi da giranda ko an sake bugawa, ka kama gabanka.

Sai abin da ya fi kuɗi muhimmanci. Mu ƙaddara ma wani gwani ya ƙara ƙarfin da gaske. Ɗan sahu ƙafa uku gare shi, ƙananan tayoyi, jiki mai tsayi, birkin ganga. An yi shi ne ya yi tafiyar da ba ta wuce kilomita sittin da 'yan kai a awa ba. Kowa a cikinmu ya taɓa ganin wanda ya kife a kwana ko a shataletale, kuma mun san waɗanda ke ciki: mata masu goyo, 'yan makaranta, tsofaffi masu zuwa asibiti. Babu ƙofa, babu bel. Wanda ya ƙara gudu bai ƙara birki ba, da rayukan waɗannan yake caca.

Idan mashinka ya rage ja, akwai dalili, kuma yawanci mai sauƙi ne. A wanke ko a sauya matatar iska, musamman lokacin hunturu. A duba filogi da bawul da kafireta. A duba ko kulochi na zamewa, wato inji na ihu amma tafiya ba ta ƙaruwa. A ɗaga ƙafa a juya a ga ko birki na kamawa, a auna iskar taya. A riƙa juye baƙin mai a kan lokaci, kuma a sayi mai kyau a wurin da aka sani, domin jabunsa ya yi yawa. Idan duk an yi wannan bai dawo ba, a auna matsin silinda, in ringi ne a sauya, in borin ne a yi. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya game da lodi: mashin da aka ƙera don mutum uku a kujerar baya, aka ɗora masa biyar da buhu biyu a kai, ba ƙarfi ya rasa ba.

Duk aikin da za a buɗe inji, ka tsaya a kai, ko ka tsayar da wanda ka yarda da shi. Ka ɗauki hoton lambar inji da bulo da kafireta kafin a kwance, ka sa wa manyan kayan alama da fenti, kuma duk abin da aka cire a miƙo maka tsohon a hannu. Kada ka tura wa kowa kuɗi a kan kayan da ba ka gani ba. Ka je da makanikinka shagon da ke da mazauni, a buɗe kwali a gabanku, a auna fistin, a rubuta maka rasit.

Wanda kuma abin ya riga ya faɗa wa, kada kunya ta sa ya yi shiru, domin shirun ne ke ba su damar kama na gaba. Ka je bankinka a ranar, da shaidar tura kuɗin da lambar asusun, tunda wani lokaci ana iya riƙe kuɗin idan an yi hanzari. Ka adana hirarku da hotunan shafin kafin su goge, ka kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Idan na gareji ne, ka tafi da shugabannin ƙungiyarku da makanikin da ya buɗe injin ya ga ɓarnar, kada ka je kai kaɗai, kuma kada a ɗauki doka a hannu. Shugabannin tashoshi, don Allah ku karanta wa waɗanda ba sa karatu wannan saƙo a wurin taro, ku kuma hana masu tallan irin wannan aiki tsayawa a inda yaranku ke layi.