Kafin namiji ya sayi kayan da ake sawa ta dubura: abin da zai duba da abin da zai guje wa

Wannan magana ce ta manya, kuma ta fuskar lafiya zan yi ta. Hukuncinta a addini yana wurin malamai, kowa ya san inda zai kai tambayarsa. Abin da ya sa na ga ya kamata a rubuta ta da Hausa shi ne akwai mazan da suke amfani da irin waɗannan kaya don biyan sha'awa, ko an faɗa ko an yi shiru, kuma kunya ba ta barin su su yi tambaya. Wanda kunya ta rufe wa baki shi ne yake ɗaukar kwalba, ko kyandir, ko gwangwanin turare, ko kokwamba, daga nan sai ɗakin tiyata. Likitocin fiɗa a kowace ƙasa sun san wannan larura, kuma mafi yawan waɗanda ake kawo musu da ita maza ne.

Sai ka san yadda wurin yake kafin ka gane dalilin da ya sa wani kaya ya fi wani. A bakin dubura akwai zobban tsoka guda biyu. Na waje yana jin umarninka, kana iya matse shi, kana iya sake shi. Na ciki ba ruwansa da umarninka, ba ya saki sai jiki ya natsu. Tsawon wannan ƙunƙuntar hanya bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, bayanta sai wuri ya buɗe, wato ƙarshen babban hanji, mai tsawon kamar santimita 12 zuwa 15, sannan hanjin ya lanƙwasa ya yi sama. Babu wani bango da zai tare abu a can ciki. Da zarar abu ya wuce zobban nan gaba ɗaya, sai su rufe a bayansa, motsin hanji kuma yana iya jan sa sama inda yatsa ba ya kaiwa. Ga santsi a hannu, ga tsoro ya sa tsoka ta ƙara ɗaurewa. Haka abin yake faruwa, cikin ƙiftawar ido.

Saboda haka abu na farko da za ka duba, kafin kuɗi, kafin launi, kafin sunan kamfani, shi ne ƙasan kayan. Dole ya kasance yana da matokari, wato faffaɗan ƙasa mai ƙarfi da zai tsaya a waje, wanda faɗinsa ya zarce wurin da ya fi kauri a jikin kayan sosai. Ka gwada da hannunka: idan matokarin yana naɗewa da sauƙi idan ka matsa shi da yatsu biyu, to zai naɗe a jikinka ma. Igiya siririya ba matokari ba ce, tana tsinkewa. Wannan matsala ce ta kai ga ƙungiyar ISO, mai tsara ma'aunin ingancin kayayyaki a duniya, ta fitar da ƙa'ida mai lamba 3533 a shekarar 2021. Asalin maganar daga ƙasar Suwidin ta taso, inda wani likitan fiɗa a birnin Stockholm, Martin Dahlberg, ya lura da yadda ake yawan kawo mutanen da irin waɗannan kaya suka maƙale musu. Ƙa'idar ta nemi a ƙera duk abin da za a sa ta dubura yadda ba zai shige ya ɓace ba. Sai dai bin ta ba tilas ba ne a kan kamfanoni, don haka idon mai saye shi ne mai gadi na ƙarshe.

Kayan da aka fi samu kusan iri huɗu ne. Na farko shi ne matoshi: bakinsa siriri, tsakiyarsa ta ɗan kumbura, sai wuya siriri inda tsoka take rufewa, sai matokari. Ba a yi shi don kai da kawowa ba, ana sa shi ne ya zauna. A nan akwai bambancin da masu talla ba sa faɗa. Wanda matokarinsa doguwar sanda ce a gicciye ya fi aminci, kuma ya fi daɗin zama. Masu ƙaramin ƙasa zagayayye, irin na ƙarfe masu arha da ake manna wa dutsen ado mai ƙyalli, su ne suka fi saurin zamewa ciki, domin sau da yawa faɗin ƙasan bai fi kaurin jikin da komai ba. Kyan hoto yana sayar da su, amma ni ba zan ba sabon shiga shawarar su ba.

Na biyu shi ne na tausar furosteti, wato ƙwayar nan da maza kaɗai suke da ita, mai girman ƙaramin goro, wadda take ƙarƙashin mafitsara. Ana taɓo ta ta bangon hanji na gaba, ɓangaren cibiya, kamar santimita 5 daga baki. Shi ya sa kayan tausarta suke da lanƙwasa, kuma da yawansu suna da hannu da ke tsayawa a waje tsakanin maraina da dubura, wanda shi ne matokarinsu. Kamfanin Aneros na Amurka ya yi suna da irin waɗanda ba su da batir, matsewa da sakin tsokar mutum ne suke motsa su. Suna da siranta, shi ya sa suke dacewa da mai farawa, amma suna son haƙuri, ba kowa ne yake jin wani abu a karon farko ba. Wata magana da nake so a riƙe: za ka ga ana tallata su da cewa suna warkar da kumburin furosteti ko suna hana ciwon daji. Babu ƙwaƙƙwarar hujjar likitanci a kan haka. Mai wahalar fitsari ko ciwon mara asibiti zai je.

Na uku jerin duwatsu ne, ƙanana zuwa manya. Idan za ka saya, ka nemi wanda aka zuba shi gaba ɗaya da abu guda, mai babban zobe ko matokari a ƙarshe. Tsohon yayi mai zaren lailon a tsakiya ba ya wankuwa, kuma yana tsinkewa. Na huɗu su ne dogaye miƙaƙƙu, waɗannan a bar su sai gaba, kuma ko a gaban sai masu faffaɗan ƙasa.

Batun mai rawa da batir kuwa, ƙarin kuɗi ne da ƙarin ɗawainiya. Ba a tafasa shi, kuma idan ba a rubuta cewa ruwa ba ya shigarsa ba (alamar IPX7 ita ake nema) wankinsa zai yi wuya. Ƙananan masu rawa sumul marasa matokari ba na wannan wuri ba ne sam, suna cikin abubuwan da aka fi ciro wa mutane a asibiti.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, wato abin da aka yi kayan da shi. Fatar cikin hanji siririya ce, tana da jijiyoyin jini da yawa, tana tsotse abin da ya taɓa ta, shi ya sa ma ake ba da wasu magunguna ta nan. Kaya iri biyu ne: masu ƙananan ramukan da ido ba ya gani, da marasa su. Masu ramuka su ne roba mai laushi da ake ce wa jeli, da PVC, da TPE ko TPR. Komai wankinka, ƙwayoyin cuta suna maƙalewa a cikinsu. Wasu robobin PVC kuma ana tausasa su da sinadaran fitalet, waɗanda Tarayyar Turai ta hana sa wasunsu a kayan wasan yara tun 2005, Amurka ma ta bi sahu a 2008. Kayan manya kuwa a yawancin ƙasashe babu mai sa musu ido haka. Alamarsu ba ta ɓuya: wari mai ƙarfi na roba da zarar ka buɗe leda, maiƙo da yake tsatsafowa, danƙo a hannu. A zafin ƙasashenmu ma sukan narke su manne da juna a cikin akwati. Wanda ya riga ya sayi irin wannan, to ya riƙa sa masa kwaroron roba kowane lokaci, ko ya jefar.

Marasa ramuka su ne silikon na gaske, da ƙarfen da ba ya tsatsa, da gilashi mai jure zafi da ake kira borosiliket, sai roba mai tauri ta ABS. Silikon shi ne ya fi dacewa da mai farawa, domin yana da ɗan laushi, yana bin lanƙwasar jiki, ba shi da wari, kuma ana iya tafasa shi. Kamfanoni irin su Tantus sun daɗe suna yin kayansu da shi. Ƙarfe, irin wanda kamfanin njoy yake yi, yana da nauyi da santsi, ba ya lalacewa, yana karɓar kowane irin mai, amma ba ya sassauci ko kaɗan, kuskuren hannu yana iya jawo rauni, ga tsada. Gilashi yana da kyau matuƙar na gaske ne, sai dai duk ranar da ya faɗi ƙasa ko ka ga tsaga komai ƙanƙantarta, ya tashi daga aiki. A kula da ƙarfe mai arha da aka shafa wa ruwan ƙyalli a sama, yana ɓarewa ya bar kaifi. Idan kuma kwali ya ce "haɗin silikon" ko "kamar silikon", to ba silikon zalla ba ne.

Girma kuwa, ido yana ruɗi. Mai farawa ya nemi wanda kaurinsa bai wuce santimita 2.5 ba, tsawon da zai shiga kuma kamar 7 zuwa 10. Ka karanta awon da aka rubuta, ka ɗauko abin awo ka gani da idonka, kada ka dogara da hoto. Akwai masu sayar da guda uku a kwali ɗaya, ƙarami da matsakaici da babba. Idan silikon ne masu matokari mai kyau, sun fi arha a kan saye ɗaya-ɗaya, amma babu wanda ya ce dole ka kai ga na ukun. Idan aka tambaye ni, ƙaramin matoshi na silikon mai ƙasa a gicciye, ko siririn na tausar furosteti marar batir, ɗayansu ya isa farawa.

Man santsi ba ƙari ba ne, rabin sayayyar ne, domin wurin ba ya samar da danshin kansa. Na ruwa shi ne mai tafiya da kowane kaya da kowane kwaroron roba, aibinsa kawai yana bushewa sai an ƙara. Mai kauri ya fi. Na silikon yana daɗewa, ya dace da ƙarfe da gilashi, amma yana iya ɓata fatar kayan silikon. Basilin da man kaɗanya da man kwakwa da man gyaɗa suna cinye kwaroron roba har ya fashe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan sinadarin nonoxynol-9, domin yana ƙuje fatar cikin dubura, ka duba kwalba ka tabbatar babu shi. Wanda na fi jin tsoro shi ne mai kashe zafi, mai ɗauke da lidocaine ko benzocaine. Zafi shi ne yake gaya maka ka tsaya. Idan ka kashe shi, za ka iya yage kanka ba ka sani ba.

Inda za ka saya ma abin dubawa ne. Masu sayar da kayan mata a Instagram da WhatsApp da yawansu suna haɗawa da irin waɗannan, galibi babu kwali, babu sunan kamfani, babu bayanin abin da aka yi su da shi. Jabun kayan manyan kamfanoni kuma sun cika manyan kasuwannin intanet. Ka nemi wanda ya zo a rufe, da sunan mai ƙerawa da awo da bayanin kayan haɗi. Farashin da ya yi arha fiye da hankali alama ce. Matafiya kuma su sani cewa doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa jami'an kwastam suna ƙwace irin waɗannan kaya.

Wajen amfani, a yi bayan gida tukuna, a wanke waje da ruwa, hakan ya wadatar. Yawan ɗure da ruwa yana ƙuje fatar ciki. A yanke farce, a sa mai da yawa, a tafi sannu ana numfashi, kada a tura da ƙarfi. Jin cika ko matsi daidai ne, zafi mai suka kuwa umarnin tsayawa ne. Kada a yi cikin maye, kada a kwana da shi. Bayan an gama a wanke da sabulu marar ƙamshi da ruwan ɗumi, silikon da ƙarfe marasa batir a tafasa su minti 3 zuwa 5, a shanya su bushe sarai, a ajiye kowanne a jakarsa. Ba a karɓa-karɓa da shi, domin ciwon hanta da cututtukan sanyi da ƙwayoyin cutar hanji suna iya bin sa. Abin da ya shiga dubura kuma ba ya zuwa gaban mace sai an wanke shi tas ko an sauya kwaroron roba.

Akwai waɗanda ya kamata su dakata gaba ɗaya: mai basir da yake zubar da jini, mai tsagewar dubura, wanda aka yi wa aiki a wurin kwanan nan, mai gyambon hanji, da mai shan maganin tsinka jini irin warfarin. Mai zazzaɓi tare da zafin fitsari da ciwon mara kada ya kuskura ya tausa furosteti, domin idan ƙwayoyin cuta ne suka kama ta, tausa tana iya tura su cikin jini.

Idan abu ya shige ya ƙi fitowa, ka natsu, ka tsuguna ka yi ɗan nishi a hankali. Idan bai sauko ba cikin ɗan lokaci, ka tafi sashen gaggawa na asibiti a ranar. Kada ka bi shi da cokali ko almakashi ko wani ƙarfe, kada ka sha maganin wankin ciki. Ciwon ciki mai tsanani, ko zazzaɓi, ko jinin da ya ƙi tsayawa, suna iya nuna hanji ya huje, wannan kuwa ba ya jiran wayewar gari. Ka gaya wa likita ainihin abin da ya shiga, girmansa, da lokacin da ya shiga, ko gilashi ne, ko yana da batir. Da wannan bayani zai san ko za a ciro shi ta ƙasa bayan an ba ka maganin barci, ko sai an yi tiyata, kuma zuwa da wuri yana sa hanya ta farko ta fi yiwuwa.